Allon Mai Gyara da Allon Masana'anta: Tarihin Cikin Amfilifayar Jita

A shagunan gyaran kayan kiɗa na Amurka da Ingila, har yau ana kawo amfilifayar jita da aka ƙera a 1958 ko 1964, mai gyara ya buɗe bayanta, ya canza 'yan kayan da suka gaji, kafin yamma mai ita ya ɗauki abarsa ya nufi wurin wasa. A shago ɗaya kuma sai ka tarar da wata da ba ta kai shekara 20 ba an jingine ta a gefe, ana jiran amsar kamfani ko akwai sabon allo ko babu. Dukansu masu bawul ne, wato kwalaben gilashin nan marasa iska da ke ƙara ƙarfin sauti, waɗanda ke cikin tsoffin rediyoyin da sai sun ɗan yi ɗumi kafin su yi magana. Bambancinsu yana kan allon da aka jera kayan lantarkin a kansa. Masu sha'awar tsoffin kaya sun daɗe suna cewa tsohon allo ya fi daɗin sauti, shi ya sa ake riƙe da shi. Ban yarda da wannan ba. Abin da tarihin sana'ar ya nuna shi ne, tsohon allon ya rayu saboda masu gyara ne suka tsara shi, suna tunanin ranar da zai lalace, sabon kuwa masana'anta ce ta tsara shi, tana tunanin ranar da zai fita daga ƙofarta.

Mutumin da ya fi kowa tasiri a wannan fage bai iya kaɗa jita ba. Leo Fender, wanda aka haifa a Kalifoniya a 1909, akawu ne da aiki ya ƙare masa a lokacin karayar tattalin arzikin Amurka, sai ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton a 1938. Makaɗa na kawo masa amfilifayoyinsu idan sun tsaya, shi kuma yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana ganin inda maƙeransu suka gaza. Shekaru ya yi yana karanta kurakuran wasu kafin ya fara ƙera nasa, da farko tare da Doc Kauffman a 1945, sannan shi kaɗai daga 1946. Bai ƙirƙiro wata sabuwar dabarar lantarki ba. Tsarin da ya bi sananne ne a littattafan kamfanonin bawul irin su RCA da Western Electric, kowane mai gyaran rediyo na zamanin ya san shi. Idon mai gyara ne abin da ya shigo da shi. Ana ganin wannan ido har a jitar da ya fitar a 1950, wadda daga baya aka sa wa suna Telecaster: maimakon a manne wuyanta da jikinta da gam yadda aka saba, sai ya ɗaure shi da noti 4, don in ya lanƙwashe a kwance shi a sa wani.

Allon da ya zaɓa wa amfilifayoyinsa wani baƙin kwali ne mai tauri da aka yi da matsattsen zaren takarda. An huda shi an dasa masa ƙananan ƙawanyoyin tagulla, irin waɗanda ake zura igiyar takalmi a cikinsu. Kowane rizista da kowane kafasita yana kwance a sarari, ƙafa ɗaya a wannan ƙawanya, ɗayar a waccan, an zuba dalma ta riƙe. Abin da ba a ɗora wa allon ba ma ya fi muhimmanci. Mazaunin bawul, da maɓallan da ake murɗawa, da ramin da ake soka igiyar jita, da taransifoma, duk a jikin akwatin ƙarfe aka ɗaure su, waya ce kawai ta haɗa su da allon. Idan makaɗi ya taka igiyarsa ta fizgi ramin, ƙarfe ne ya sha wahalar; idan aka yi ta cire bawul ana mayarwa, allon bai san ana yi ba. In kafasita ya mutu, a narka dalma a wuri biyu, a zare shi, a sa sabo, kuma ana iya maimaita haka sau da dama a ƙawanya ɗaya ba ta saki ba. Kamfanin ya kuma fitar da zane iri biyu: ɗaya na nuna yadda wutar ke zagayawa da adadin bolt ɗin da ya kamata a samu a muhimman wurare, ɗaya na nuna inda kowane abu yake zaune. Wanda ya buga irin wannan zane ya riga ya amince cewa wani da bai sani ba, a garin da bai taɓa zuwa ba, zai buɗe kayansa wata rana, kuma yana so aikin ya zo wa mutumin nan da sauƙi. Matan da ke liƙin a Fullerton kan rubuta sunayensu a guntun salatif su manna a cikin akwatin, masu gyara na cin karo da sunayen har yanzu.

A Ingila ma daga teburin gyara abin ya taso. A 1962 Jim Marshall, makaɗin ganga mai shagon kayan kiɗa a unguwar Hanwell ta yammacin Landan, ya ga samari na son amfilifayar Fender amma kuɗinta ya fi ƙarfinsu. Mai yi masa gyara, Ken Bran, tare da Dudley Craven, suka buɗe amfilifayar Fender mai suna Bassman ta ƙarshen shekarun 1950 suka kwaikwayi tsarinta, aka sami amfilifayar Marshall mai suna JTM45. Sun yi amfani da gajerun turakun ƙarfe da ake naɗa ƙafar kaya a jikinsu a madadin ƙawanya, amma tunanin ɗaya ne. Kuma sun iya kwaikwayon ne saboda cikin Bassman a buɗe yake ga duk mai idon sana'a.

A lokacin wata dabara ta riga ta girma a wani fage dabam. Paul Eisler, injiniya ɗan Ostiriya da ya yi ƙaura zuwa Ingila a 1936, ya yi tunanin a shimfiɗa siririn jan ƙarfe a kan allo, a buga zanen hanyoyin wuta a kansa, a zuba sinadari ya cinye sauran, hanyoyin su tsaya a madadin wayoyi. Ya nemi rajistar dabarar a 1943. Sojan Amurka sun ci moriyar bugaggun hanyoyi a Yaƙin Duniya na Biyu, a cikin wata 'yar na'ura da ke fasa harsashin igwa idan ya kusanci jirgin sama. Bayan yaƙi fasahar ta shiga kasuwa, aka kuma ƙara mata abin da ya sa ta gagara: a soka ƙafafun dukan kayan a ramuka, a ratsa ƙasan allon ta kan narkakkiyar dalma, ɗaruruwan mahaɗai su liƙe a lokaci guda. Rediyon taransista na farko da aka sayar a kasuwa, Regency TR-1 na 1954, a kan bugaggen allo aka gina shi. Tambayar da wannan fasaha ta zo amsawa ita ce yadda za a ƙera dubbai iri ɗaya sak da ma'aikata kaɗan, kuma ta amsa da kyau. Sai dai ba wanda ya tambaye ta halin da allon zai shiga bayan shekara 30, domin harsashi sau ɗaya ake harba shi, ƙaramin rediyo kuma ba shi da zafi ko ƙarfin wutar da zai ci allonsa.

Da an bi lissafin injiniyoyi, da bawul ya ɓace tun shekarun 1960, domin taransista, wanda aka ƙirƙiro a 1947, ya fi shi ƙanƙanta da sanyi da arha. Kamfanin CBS, wanda ya sayi Fender a 1965 kan dala miliyan 13, ya fitar da jerin amfilifayoyin taransista ba da jimawa ba, makaɗa suka juya musu baya, aka daina yin su. Abin da makaɗin jita ke nema shi ne gurnanin nan mai taushi da bawul ke yi idan an matsa masa. Don haka bawul ya tsira a wannan lungu, amma masana'antar da ke kewaye da shi ta riga ta canza, kuɗin ƙwadago ya hau, liƙin hannu ya yi tsada. Kamfanin Marshall ya koma bugaggen allo wajen 1973, wasu suka bi, zuwa shekarun 1990 kuwa akasarin amfilifayoyin bawul masu sauƙin kuɗi a kansa suke. A nan aka haɗa abubuwa biyu da ba don juna aka yi su ba. Bawul na aiki da bolt 300 zuwa 500, yana fitar da zafin da ke ƙona yatsa, a amfilifayoyi da yawa ma a kife yake rataye, zafinsa na tashi kai tsaye cikin akwatin, ga lasifika a ƙasa tana girgiza komai duk daren wasa. Da masana'antu suka ga za a ƙara rage aiki idan aka liƙa mazaunin bawul da maɓallai da ramin igiya a kan allon kansa, sai duk wahalar da Fender ya ɗora wa akwatin ƙarfe ta dawo kan jan ƙarfen da kaurinsa sau da yawa bai wuce kashi 35 cikin 1000 na milimita ba.

Irin cutar da ke zuwa teburin mai gyara ta canza tun daga nan. Dalmar da ke riƙe da ƙafar mazaunin bawul na tsagewa saboda yau zafi gobe sanyi, sauti ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Babban rizista da aka kwantar daf da allo yana gasa wurin har ya yi baƙi. Mafi muni shi ne idan bawul ya mutu ya jefa tartsatsi tsakanin ƙafafu biyu: wurin ya ƙone ya zama gawayi, gawayi kuwa wutar lantarki na bi ta cikinsa, sai allon da aka yi don ya raba hanyoyi ya koma yana haɗa su. Ko an sa sabon bawul da sabon fiyus, wutar za ta sake bin tsohon sawunta. Gyaran gaskiya a nan aikin haƙuri ne. Sai an kankare gawayin kaf har a kai ga lafiyayyen wuri ko da za a bar rami, a cike ramin da gam mai jure zafi, a ja waya a madadin hanyar da ta ƙone, a ɗaga rizistan ya sami iska, sannan a nemo abin da ya jawo gobarar tun farko. Jan ƙarfen kuwa gam ne kawai ke riƙe da shi. In ƙarfen liƙi ya daɗe a kansa sai ya ɓamɓare. Tun da Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki a 2006, maliƙin da ya maye gurbinta, wanda akasarinsa kuza ne, sai ya kai wajen digiri 217 kafin ya narke, alhali na da a 183 yake narkewa, hanyar ta ƙara shan zafi ke nan. Idan aka lissafa awoyin aikin, sau da yawa sayen sabon allo ya fi arha, sai sana'ar ta karkata daga gano cuta zuwa musanya. Wanda ya taɓa kai wayarsa gyara a Kano ko Yamai aka ce masa sai dai a canza fanel gaba ɗaya ya san wannan hali. Musanya kuwa tana da sharaɗi: sai kamfani na raye, kuma yana ci gaba da buga allon. Kada dai wani ya ɗauki wannan bayani a matsayin izinin buɗe bayan amfilifaya; manyan kafasitocinta na iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare ta daga soket, sun isa su kashe mutum.

Za a ce na yi wa tsohon allo kara, kuma akwai gaskiya a ƙorafin. Kwalin Fender takarda ne, takarda kuwa tana shan danshi. Idan amfilifaya ta yi shekaru a ɗaki mai laima, allon na iya lanƙwashewa, ya kuma fara yoyon wuta daga ƙawanya mai bolt 300 zuwa maƙwabciyarta da bai kamata ta ga ko bolt ɗaya ba, sai a riƙa jin ƙarar da canza kaya ba ya magancewa. Allon zaren gilashi na zamani ya fi shi jure wannan nesa ba kusa ba. Amma a duba abin da ke faruwa idan kwalin ya kamu. Mai gyara na iya wanke shi ya busar da shi da iska mai zafi. Idan ya ƙi, sai ya yanko sabon allo, ya huda, ya dasa ƙawanyoyi, ya bi zanen kamfani ya mayar da kowane abu wurinsa. Ba ya jiran kowa, abin hudawa da ƙarfen liƙi sun ishe shi. Tsohon allo na lalacewa kamar kowane abu, sai dai lalacewarsa ba ta fi ƙarfin ƙaramin shago ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Bugaggen allo ne ya sa yaro mai koyon jita ya iya mallakar amfilifayar bawul; da an tsaya kan liƙin hannu da ta zama kayan masu hali kawai, kamar yadda farashin na hannu ke nunawa a yau. Kuma amfilifayar zamani mai muryoyi uku ko huɗu da maɓallan ƙafa ba za ta shiga kan ƙawanyoyi ba sai ta zama sarƙaƙiyar waya. Na yarda da duka biyun. Hujjar da ta fi ƙarfi ma ita ce ta Randall Smith, wanda ya kafa Mesa/Boogie a Kalifoniya bayan ya yi suna wajen sauya cikin ƙananan amfilifayoyin Fender a ƙarshen shekarun 1960. Shi ma mai gyara ne, amma a kan bugaggen allo kamfaninsa ya gina sunansa, kayansa kuma sun yi shekaru suna yawon duniya da makaɗa irin su Carlos Santana, ko da yake masu gyara na kukan cunkoson cikinsu. JCM800 da Marshall ta fitar a 1981 ma bugaggen allo gare ta, amma a fitowarta ta farko mazaunin bawul da maɓallai a jikin akwati suke, har yau kuma ana gyara ta cikin sauƙi. Waɗannan misalai sun nuna inda laifin yake. Ana iya yin bugaggen allo mai kauri, mai faɗin hanyoyi, mai tazara tsakanin wuraren da wuta ke da ƙarfi, da ramukan da aka lulluɓe cikinsu da ƙarfe don su jure liƙi da warwarewa, a kuma bar masu zafi da masu motsi a jikin akwati. Duk wannan ƙarin kuɗi ne a masana'anta wanda mai saye ba ya gani ranar saye. Maƙerin da ya damu da mai gyara yakan biya shi, wanda bai damu ba kuwa asara kawai yake gani.

Saura maganar sauti, wadda ta haifar da wata sabuwar kasuwa. Daga ƙarshen shekarun 1980 ƙananan maƙera irin su Matchless suka dawo da liƙin hannu. Fender ta sake fitar da Bassman ta 1959 a 1990, da Deluxe Reverb ta 1965 a 1993, da tsohuwar riga amma da bugaggen allo a ciki. Sai aka sami masu sayen sabuwar fitowar su kai wa mai gyara ya cire lafiyayyen allonta ya dasa na ƙawanya, da fatan samun muryar 1965. Wutar lantarki ba ta san ko ta waya ta bi ko ta bugaggiyar hanya ba. Gaskiya ne kusancin hanyoyi da tsawonsu na iya taɓa sauti kaɗan, amma wannan batun tsari ne, akwai mai kyau da maras kyau a kowane ɓangare. Abin da ke sauya murya sosai shi ne lasifika, da taransifomar fitar da sauti, da bawul, da ƙimar kayan da aka sa. Mai dashen kuma yakan canza kafasitoci da rizistoci duka a tafiya ɗaya, sannan a jingina bambancin ga allo. Cire allo mai lafiya don neman sauti ɓarnar kuɗi ce. A ɗaya gefen akwai masu tara tsoffin kaya da ke ƙin a taɓa ko ɗigon dalma ɗaya don kada farashi ya faɗi, har su bar busassun kafasitoci na shekara 60 da tsohuwar igiyar wuta maras wayar ƙasa. Waɗannan sun fi kowace masana'anta juya wa manufar Fender baya, domin ya yi allon ne don a taɓa shi. Kuma ganganci ne da rai: Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, wutar kayan jitarsa da ba a haɗa da ƙasa yadda ya kamata ba ce ta kashe shi a gidansa a 1976.

Yau masana'antun bawul sun ragu zuwa 'yan ƙalilan, manyansu a Saratov ta Rasha da Slobakiya da Sin, kuma a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, farashin bawul ya yi tashin gwauron zabo. Wanda ke riƙe da amfilifayar bawul yanzu yana riƙe da abin da za a gada ne, shi ya sa zaɓi tsakanin faci da musanya bai kamata a bar wa lissafin awa kaɗai ba. Idan ƙunar wuri ɗaya ce kuma an gano sanadinta, a kankare a gyara, allon asali ya zauna. Idan gawayin ya bazu, ko allon kansa ne ke yoyon wuta, a canza shi; in tsarin mai sauƙi ne kuma kamfani ya daina bugawa, a dasa na ƙawanya ko na turaku ba tare da jin an ci amanar kowa ba. Mai shirin saye ya nemi a nuna masa cikinta kafin ya biya, ya ga inda aka ɗaure mazaunin bawul da ramin igiya, ya tambaya ko ana samun zanenta. Mai gyara kuma, idan ya ja waya a madadin hanya ko ya dasa sabon allo, ya zana abin da ya yi a takarda, ya sa kwanan wata, ya manna a cikin akwatin saboda wanda zai buɗe ta bayansa.